Akwati na Huɗu

A wani biki a Burumburum Zailani ya fara ganinta, shekarar 1997. Yana tsaka da kaɗa jita bayan la'asar, manyan akwatunan sifikarsa huɗu na ruri a bayansa, sai ya hango wata doguwar budurwa ta raɓe jikin na ƙarshe, ta ɗora tafin hannunta a kan katakon, ta lumshe ido. Shi kafinta ne a Kwanar Dangora, da hannunsa ya haɗa akwatunan nan, ko abokansa ba ya bari su jingina da su.

Da aka tashi ya ce, "Malama, a wajen nan ai sai kunnenki ya toshe."

Ba ta juyo ba. Sai da ya zagayo gabanta ya maimaita, ta kalli leɓensa ta yi murmushi.

"Ya riga ya toshe," in ji ta. "Sanƙarau ya tafi da shi bara. Amma in na dafa nan, ina jin kiɗanka har cikin ƙirjina."

Ranar don ruɗewa Zailani ya koma gida ya bar wayar jitarsa a garin mutane.

Sunanta Saudatu, 'yar Malam Dikko mai shanu da gona. Zancensu rabi da baki ne, rabi a takarda. Ya rubuta mata: "Sauda tawa, mutum ɗari na rawa a gabana, amma hannunki kawai nake kaɗa wa." Ta mayar masa: "Kafintana, rage daɗin baki, ka ƙara ƙarar kiɗa."

Shekara biyu ana haka, sai ga wani makaɗi, Balarabe, ya dawo daga Kano da wata na'ura da ba ta fi burodi girma ba. Wai ƙwaƙwalwar kwamfuta ce a cikinta, an zuba mata muryar kowace irin babbar sifika. Ya sa ta a jaka, ya ɗaura 'yan sifiku biyu a bayan babur, shi ke nan. Zailani kuwa sai an ɗauko masa mota guda da ƙarti huɗu. Abin haushin, na'urar ta iya kiɗa. Shi kansa ya saurara ya rasa inda zai kushe ta. Daga Kiru har Doguwa aka daina nemansa, akwatunan suka zama wurin hutun kaji.

Bai gama da wannan ba, kawunsa Gwadabe da ya je nema masa aure ya dawo daga wurin Malam Dikko jiki a sanyaye.

"Ya ce kiɗa ba sana'a ba ce, balle wanda ya mutu. In kana son 'yarsa, kada a sake ganin akwati ko ɗaya a hannunka. Kuma ka sani, Balarabe ma ya aika."

Ranar wani suna a Tudun Wada Zailani ya je ya tsaya daga nesa. Da idonsa ya ga Saudatu ta ratsa mutane ta ɗora tafin hannunta a kan na'urar Balarabe, shi kuma gogan yana ta washe baki. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Mako uku bai taka Burumburum ba, ya rame, ya fara ɓalle akwatunan yana yi wa masu shayi benci. Duk ƙusar da ya zare sai ya ji kamar daga jikinsa ta fito. Ya ci uku, saura ɗaya, direban wata mota ya miƙo masa takarda.

"Kafintana, an ce ka gan ni ka yi fushi. Zuwa na yi in ji abin da ya kore ka. Na dafa, ban ji komai ba, kamar na dafa bango. Tun da ka daina kiɗa duniya ta sake yi mini shiru. Na gaya wa Baffa kai nake so. Ka bi maganarsa, amma kada ka fasa na ƙarshen. Ka sa mini shi a cikin lefena."

Ya karanta sau uku, ya zauna a kan tarin katako ya yi kuka mai isarsa.

Ranar kai lefe matan gidan Malam Dikko suka yi dariya har da riƙe ciki: akwatunan kaya biyu, da wani baƙin ƙato da sai da maza suka sauke. Malam Dikko ya fito rai a ɓace. Inna Turai, yayarsa, ta tare shi.

"Dikko, ka ce kada a gani a hannunsa, to ba a hannunsa yake ba. Lefe na amarya ne. Ka taɓa jin uban da ya raba 'yarsa da lefenta?"

Malam Dikko ya kalli Saudatu, wadda ta dafa katakon ko da yake ba ya fitar da ƙara. Ya ce, "Allah Ya ba su zaman lafiya," ya koma ciki.

Aka ɗaura aure bayan kaka. A wajen wunin biki na'urar Balarabe ce ta yi kiɗa, kuma kowa ya yaba. Ba wanda ya sake gayyatar Zailani ko da bikin suna. Ƙofofi da tagogi suka zama abincinsa.

Kwana uku da tarewa, da hantsi, ya jona batirin mota ya ɗauko jitar. Yatsunsa sun yi tauri, ya yi kuskure har sau biyu.

"Na manta, Sauda. Kiɗan ya lalace."

Ta dafa akwatin da hannu ɗaya, ta dafa kafaɗarsa da ɗayan, hawaye na bin kumatunta.

"Allah Ya yi maka albarka, Kafintana," in ji ta. "Ƙara ƙarar kaɗan."