Tsohon da Aka Cire Daga Fim Ɗin Malam

Ku matso. Ke Ladiyo, rage fitilar nan.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, littafi ɗaya ya rubuta, labarin wani maharbi a ƙasar aljanu. Ni ba karatu gare ni ba, shi ke karanta mini. A ciki akwai wani tsoho mai ƙwarya a bakin rafi. Ba ya faɗa, ba ya ceto, ba a san daga inda ya fito ba. Malam na gab da cikawa ya ce, "Tabawa, duk wanda zai taɓa littafin nan, kada a cire tsohon. Shi ya ba ni labarin."

Da 'yan fim suka zo saye, kwana uku ina ja da darakta Ɗanliti, har ya ce, "Kai Hajiya, ko dillaliya ta shafa miki lafiya!" Na ci cinikin. Zancen tsoho kuwa na manta da shi. Na dangwala yatsa a takarda.

Ranar da aka haska fim ɗin a gidan kallo na zauna har ƙarshe. Babu tsoho. Ɗanliti ya ce, "Ai ba ya aikin komai, Hajiya."

Na biyo hanyar rafi ni kaɗai. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ga mutum a tsugune da ƙwarya. Ƙafafunsa na cikin ruwa, amma ruwan kauce musu yake.

"Sannu, Baba."

"Ba na cikin fim ɗin." Muryar Malam ce sak.

"Ban iya karatu ba, Baba. Takarda suka miƙo mini."

"Kin iya ciniki."

"Bari in mayar musu da kuɗinsu."

"An riga an kalla. An cire ɗaya, zan cire ɗaya."

Ya miƙo ƙwaryar. Hannuna ya karɓa, ba da sona ba. Wayam. Na ɗago, babu kowa.

A gida, hoton Malam na bango babu shi a ciki, saura kujerar da ya zauna. 'Yata Lantana ta juya bangon littafin, babu suna. Na tambayi limamin da ya yi masa sallah sunan Malam, ya yi ta sosa ƙeya.

Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunansa ba, don kunya. Malam kawai. A cikina na ajiye shi. Na laluba, babu.

Ku ma ai kun sha alewarsa. To, ku faɗa mini sunansa.

Kun gani ko?

Kada wanda ya ƙara bin hanyar rafin nan shi kaɗai.