Matar da Ta Kwashe Burduddugi

A wani zamani an yi wata mata mai haƙar burduddugi, manyan kwaɗin da ke ɓuya cikin ƙasa da rani. Ran nan ta tona busasshen tafki, ta iske su jere, idanu buɗe, suna kallonta.

Babbansu ya ce, "Baiwar Allah, ɗauki ɗaya ki rufe mu. Mu ke kiran ruwa."

Ta ɗauki ɗaya, ta waiga, ba kowa. Ta ƙara ɗaya, ta waiga, ba kowa. Sai ta kwashe su duka.

Da damina hadari ya haɗu, ya tsaya bisa garin yana saurare. Tafki shiru. Ya juya ya tafi.

Ƙishirwa ta kai ta ƙofar maƙwabta. Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai kukan kwaɗi ya fito.