Kowa Dubu Goma Sha Shida

Ranar Talata da hantsi, cikin watan Maris, wata dattijuwa mai suna Vernice Tolliver ta shigo ofishin 'yan sanda na garin Macon riƙe da leda cike da takardu. Sufeto Odell Brantley ya ba ta kujera.

"Ɗana, wai ni ce maƙaryaciya," in ji ta. "Shekarata sittin da biyu, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba."

Samunta ba tsayayye ba ne. Motar 'yan makaranta take tuƙawa, in an yi hutu ta koma girkin biki. Mai irin wannan aiki shi ke kintata abin da zai samu a shekara, ya rubuta wa kasuwar inshorar lafiya, a rage masa kuɗin wata gwargwadon ƙarancin samunsa. Idan lokacin haraji ya zo, sai a gwada kintace da gaskiya.

Wendell Haygood, dillalin inshora kuma dattijon cocinsu, shi ke cika mata takardun inshora da na haraji. Duk wata tana kai masa dala ɗari da tamanin a ambulan. Bana ya ƙara kuɗin aiki, sai ta tafi wurin masu taimakon haraji kyauta a ɗakin karatu. Can aka gano an rubuta mata dala dubu goma sha shida a matsayin samunta na shekara, alhali dubu talatin da ɗaya ta samu. In laifin ya tsaya a kanta, za ta iya rasa rangwamen, ga shi za a yi mata aikin ido a watan Mayu.

Sufeto ya bi takardar inshorar da yatsa, ya tsaya a layi guda.

"Mama, wa kike biya ɗari da tamanin ɗin? A nan ko sisi ba a neme ki ba. Mai samun dubu sha shida, gwamnati ke biya masa duka."

Dattijuwa ta dafe ƙirji. "Ɗan'uwa Wendell? Shi fa ke zagayawa da farantin baiko a coci!"

Ofishin Haygood yana tsakanin shagon wanki da na kaza soyayya. Mutum ne mai tumbi da zobe uku, ya tari Sufeto da fara'ar da ta fi ƙarfin fuskarsa.

"Yallaɓai, abin da ta faɗa na rubuta. Tsofaffin nan, yau su ce fari, gobe su ce baƙi."

"Rasit fa?"

"Haba! Tsakanin 'yan'uwa a coci har da rasit?"

"To, me ya sa lambar wayarka ce a takardarta, ba tata ba?"

"Ba ta iya waya ba ne."

"Macen da ke ratsa gari da yara arba'in kullum, waya ce ta gagare ta?" Sufeto ya yi tsaki, ya fita.

Bayan kwana biyu ya dawo da takardar izinin bincike daga kotu. Ya zauna a kujerar Haygood ba tare da an yi masa tayi ba, ya shiga buɗe fayiloli yana karantawa da ƙarfi.

"Lucius, wanzami, dubu goma sha shida. Earline, mai rainon yara, dubu goma sha shida. Cleon, mai yankan ciyawa, wanda ba ya aiki duk hunturu, dubu goma sha shida. Mutum arba'in da uku, kowannensu bai san abin da zai samu makon gobe ba, amma duk sun haɗu a lamba ɗaya, ba ƙarin kwabo. Wannan mu'ujiza a wace huɗuba kuka karanta ta, Dattijo?"

Haygood ya share gumi. "Ai... lambar ce ke ba da inshora kyauta."

"Kyauta gare su, ambulan gare ka. Ko satar ma lalaci ya hana ka yi mata ado. Ɓarawon kaji ya fi ka ƙoƙari, shi yana tsallake shinge."

"Rance ne, Yallaɓai. Na yi niyyar mayarwa."

"Vernice ce ta faɗi lambar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ta taɓa gani ba. Ni na rubuta, ni na sa hannu."

Sufeto ya tura masa farar takarda da biro. "Rubuta haka, da sunan Vernice Tolliver a farko. Karo ɗaya a rayuwarka ka cika takarda da gaskiya."

Da ya gama, aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya roƙa a fitar da shi ta baya, kada mutane su gani.

"Ta gaba suka shigo maka," in ji Sufeto. "Ta gaba za ka fita."