Sawun Baba a Kan Kuloci

Da turi aka shigo da motar garejin, tana warin ƙauri. Auta na ciki, ta ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace mata. Motar Babanta ce. Wata biyar da rasuwarsa, har yanzu tabaransa na nan inda ya ajiye.

Bakaniken, wani dogon saurayi mai tabon ƙuna a bayan hannu, ya taka kuloci sau biyu ya girgiza kai.

"Ya ƙone ƙurmus. Sai an sauke giyabos an sa sabon kuloci."

Da ya faɗi kuɗin sai da ta dafa ƙofa. Ya kusa albashinta na wata uku a kantin magani.

"In kina tuƙi, ina kike ajiye ƙafar hagu?"

"A kan kuloci," ta ce a hankali.

"To ita ta cinye shi."

Bai san ya yi ɓarna ba sai da ya ga hawaye.

"Kenan ni na kashe motar Baba?"

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Direba, ki yafe min. Bakina ya fi hannuna kaushi. Na rufe motar a ƙarƙashin rumfa, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Ta karanta ya fi sau bakwai kafin ta rubuta: "Na gode, Injiniya."

Daga nan kullum in ta tashi aiki sai ta biyo, wai duba mota. Ta zauna a benci tana kallonsa ta gefen ido. Ta lura sai ya wanke hannu sau uku kafin ya miƙo mata ruwa.

A gida kuwa Kawu ya kawo wani dillalin motoci, mai son motar, mai son Auta.

"Gyaran nan ya fi ƙarfinku," in ji Kawu. "Ranar Asabar za a zo a ja ta."

Umma ta ɗora: "Wanda ya tsuga miki wannan kuɗi, ya kuma ɗora miki laifi, shi kike so? Marainiya ya gani."

Dillalin ya ce ai bakanikai ba a bar musu mota ta kwana, kaya suke cirewa. Washegari Auta ta leƙa gareji, ta tarar an ɗage motar, kayan cikinta zube a ƙasa. Ta juya ba ta ko yi sallama ba, ta aika masa saƙo:

"Ashe gaskiyarsu Umma. Kada ka ƙara nemana."

 Sai ga shi da safe a gidansu da wankakkiyar riga da ƙunshin jarida. Ya durƙusa ya gaida Umma da Kawu, ya buɗe: tsohon farantin kuloci, da robar da ake takawa.

"Umma, na buɗe motar ba izini, a yi haƙuri. Maganar da na faɗa wa Auta ce ta hana ni sukuni. Ba ƙafarta ba ce. Wannan cin na shekaru ne. Dubi robar, sawun babban takalmi ne."

Umma ta karɓa, ta shafa inda ya lotse da ɗan yatsa. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka.

"Shekara ashirin ina ce masa ya ɗauke ƙafar nan. Sai ya ce min hutawa take yi."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Kawu ya yi gyaran murya. "Kuɗin fa?"

"Na kaya ba zan iya ragewa ba, Kawu, ba ni nake ƙera su ba. Na aiki kuwa, hannun nawa ne."

"Ba za a sayar ba," in ji Umma, robar na damƙe a ƙirjinta.

Sai da motar ta yi wata huɗu a kan duwatsu kafin suka haɗa kuɗin kayan. Ranar da aka ɗaura auren Auta da bakaniken, ranar motar ta tashi. Komai sabo, ban da robar, wadda ya mayar inda take.

Auta ce ta ja su zuwa sabon gidansu, Umma a baya riƙe da tabarau.

"Direbata," ya ce ƙasa-ƙasa, "ɗauke ƙafar nan."

"Hutawa take yi."

Umma ta share ido. "Allah Ya jiƙan mai motar. Ku kuma Allah Ya yi muku albarka, Ya bar ku tare har ku cinye wannan ma."