Ƙwaya Ɗaya Cikin Takwas

Idan mutum ya bar baƙonsa a tsaye don ya amsa kiran wanda ke cikin matsala, wa ya zalunta? Mutanen gidan Malam Labbo na Argungu sun daɗe suna juya wannan tambayar, kuma har yau ba a samu wanda ya raba gardamar ba.

A haka dai Adawiyya, 'yar Malam Labbo, ta fara ganin Mujtaba. Daga kwalejin kimiyya aka turo ta koyon aiki wani ƙaramin kamfanin intanet da ke saman bene kusa da kasuwar Birnin Kebbi. Ta yi sallama, ya amsa da hannu, waya na manne a kunnensa. Da ta gaji da tsayuwa sai ta leƙa allon da ke gabansa. Sanduna takwas ta gani, ɗaya ta cika ta yi ja, sauran suna kwance.

"Injiniya, wagga ɗaya mi ta yi maka?" ta tambaya bayan ya ajiye wayar.

Sai a lokacin ya dube ta sosai, har ya ɗan manta tambayar.

Ya yi mata bayani. Ƙwaƙwalwar sabar, wato babbar kwamfutar da kowa ke bi ta cikinta, ƙwayoyi takwas gare ta, kowace tana iya aiki da kanta. Duk sanda saƙo ya iso, katin sadarwa yakan katse wa ƙwaya ɗaya aikinta, ta ajiye abin da take yi ta karɓa. Shi kuwa ya ɗaure duk katsewar a kan ta farko.

"Da gangan?"

"Da gangan. In an rarraba, ina tsoron saƙon mutum ya iso a hargitse, na baya ya riga na gaba. A wuri ɗaya ina ganin komai."

"Sauran bakwai ɗin fa?"

"Suna hutawa."

Ta waiwayi Abbas, abokin aikinsa, wanda ke zaune yana ɓare gyaɗa don ba a ba shi kalmar sirrin sabar ba.

"Na gani," in ji ta.

Kafin damina ta ƙare, shi ne mai raka ta bakin titi neman keke napep, shi ne kuma mai ƙin tsayar da ko ɗaya. Yana kiranta 'Yar Kabi, tana kiransa Injiniya.

"'Yar Kabi, tun da kika tafi hutun mako benen nan ya yi mini faɗi. Fankar ma ta canza kuka."

"Injiniyana, fanka mai take so. Kai kuma abinci. Ka ci?"

"Zan ci in na gama da wani kira."

"Ka kashe wayar nan ko na tsawon cin tuwo."

"Komai zan yi miki, ban da wannan. Akwai asibiti a kan layinmu. Wayata ba ta mutuwa."

Ranar da ya je Argungu gaida mahaifinta, bayan la'asar ne. Malam Labbo manomin shinkafa ne, mai son a yi gaisuwa a tsanake. A zauren akwai Zayyanu, ɗan ƙanwarsa, mai fataucin albasa daga Augie, wanda shi ma ya daɗe da nuna yana son Adawiyya.

Malam ya tambayi gida, wayar Mujtaba ta yi ƙara. Ya tambayi aiki, ta sake. Yana cikin tambayar su waye iyayensa sai Mujtaba ya dubi allon, ya ba da haƙuri, ya fita. Asibitin ne, sakamakon gwajin wata mara lafiya ya maƙale. A bakin ƙofa ya buɗe kwamfutarsa ya gyara. Da ya dawo, an naɗe tabarma.

"Ban ce yaron ga ya yi laifi ba," Malam ya gaya wa Goggo, yayarsa, wadda ta riƙe Adawiyya. "Taimako ya yi. Amma ɗiyata ba ta zama da mijin da ba shi iya ƙare gaisuwa. Zayyanu ko bai iya komi ba, ya iya zama."

Adawiyya ta tura wa Mujtaba abin da aka ce, ta ƙara nata.

"Ni kai nake so, ka sani. Ka ba Abbas kalmar sirrin, ya riƙa amsa wasu kiran."

"Amana ce a wuyana, 'Yar Kabi. In ya yi kuskure fa?"

Da ya ji an ga motar Zayyanu a ƙofar gidan Malam Labbo, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Buhunan shinkafa motar ta zo ɗauka, amma ba wanda ya gaya masa.

Ta dawo aiki a makon da ɗalibai ke rajistar jarrabawa. Duk shagunan intanet da ke kan layinsu suka cika. Da hantsi sandar nan ta farko ta maƙale a sama, saƙonni suka fara zubewa, wayoyi suka ɗauki ƙara. Mujtaba yana amsa wannan, wancan na shigowa.

Ta jawo kujera kusa da shi.

"Katin nan layi takwas yake da su, ka duba. Kai ka toshe bakwai."

"Hargitsewar fa?"

"Mu karanta tare."

Suka buɗe bayanin katin. Ashe yakan duba daga inda saƙo ya fito da inda za shi, ya jefa duk na hira ɗaya a layi ɗaya. Ba abin da zai riga wani. Mujtaba ya karanta wurin ya sake karantawa.

Shi ya buɗe layukan da hannunsa, ya ɗaura kowane a kan ƙwaya tasa. Jar sandar ta sauko, sauran suka ɗan ɗaga. Ƙarar wayoyi ta lafa.

"Zayyanu ya samu ranar aure?" ya tambaya, idonsa na kan allo.

"Shinkafa ya samu. Ni ina nan ina jiran wani mai taurin kai."

Abbas ya tura masa gyaɗa. Mujtaba ya kira shi kusa, ya faɗa masa kalmar a kunne.

Goggo ce ta roƙi ƙanenta ya sake ba su zama. Mujtaba ya zo da kawunsa, da Abbas rataye da jakar kwamfuta. An kai tsakiyar gaisuwa wayar ta yi ƙara. Asibitin ne. Ya miƙa wa Abbas wayar, Abbas ya fita.

Malam Labbo bai yi sauri ba. Ya tambayi Birnin Kebbi, ya tambayi ruwan bana, ya koma kan iyaye, yana lura ko idon yaron zai bi ƙofa. Sau ɗaya ya bi, ya dawo.

"In abokin naka ya kasa fa?"

"Zai kira wani, Baba. Ba ni kaɗai na iya ba."

Malam ya gyara zama, ya dubi kawun.

"To, mun ba ku. Allah shi sa albarka, shi ba su zaman lafiya."

Bayan an gama girbi aka ɗaura auren a Argungu. Zayyanu ma ya zo, har da gudummawar albasa. Mujtaba na dab da shiga masallaci saƙonta ya shigo.

"Injiniyana, Goggo ta ce in gaya maka tuwon yau da zafi za a ci."

Ya yi murmushi ya rubuta, "Ina nan zuwa, amaryata."

Sannan ya danna maɓallin gefe, ya riƙe har allon ya yi baƙi, ya cire takalmansa ya shiga.