Kada Ka Taɓa Yaya Chindo

"Sake faɗi in ji!" in ji Jaye.

Tala ta dire tulu a bakin rijiya har ruwan ya fantsalo mata a zane. Tun daga gida maganar nan take ƙona mata baki, ta samu ta tofar, wai kuma ta sake!

"Kurma ne kai? Inna ta ce gobe in kun shiga fili, kada ka taɓa Yaya Chindo. Kada ka tare shi, kada ka kada shi gaban mutanen Cadawa."

"To mi zan yi cikin filin? Fifita zan yi mashi?"

"Ni kake tambaya? Ni na ce ka zama mai tsaron baya? Duk wuraren da ke cikin wasan nan, ka rasa inda za ka tsaya sai kan hanyar wana!"

Jaye ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa. Wannan shirun nasa shi ke kashe ta. Mutum ka zage shi ya kalli ƙasa, ka yabe shi ya kalli ƙasa, wai shi filako, kunyar Fulani.

Bafulatani ne, rugarsu na bayan gari, wajen hanyar Agye. Shi kaɗai aka kama daga rugar aka sa lakol, makarantar boko, har ya kai kolej a Maraɗi. Can ma ba a ɗauke shi bakin komai ba. Siriri ne, ba ya magana, don haka 'yan ƙungiyar balo, wato ƙwallon ƙafa, suka maishe shi mai ɗaukar ruwa da ɗinke balo in ta fashe. Sai ranar da mai tsaron gefen hagu ya gurɗe, mushe, malamin da ke koya masu wasa, ya duba bai ga kowa ba, ya ce to ɗan kiwo ya shiga ya cika wuri. Tun daga ranar ba wanda ya sake wucewa ta gefen nan. Amma har yau in an yi maganarsa sai a ce sa'a ce.

Gobe kuwa feti ne, bikin cikar shekara da samun 'yancin kai. 'Yan kolej da suka zo hutun damina za su kara da ƙungiyar gari, kuma an ce wani babba zai zo daga Maraɗi ya zaɓi waɗanda za a tafi da su Yamai.

Matsalar ita ce, mai ci wa ƙungiyar gari balo shi ne Chindo, wan Tala. Shi ya riƙe gidansu tun rasuwar babansu, shi ya ciyar, shi ya tufatar. Da dangin Jaye suka fara ƙwanƙwasa maganar aure, baffanta ya ce shi ba ruwansa, sai abin da Chindo ya ce. Chindo kuma har yanzu bai ce komai ba.

"Tala am..." Jaye ya ɗago a hankali. Haka yake kiranta da harshensu, wato Tala tawa. "Ke mi kika ce? Ba Inna ba, ke."

"Na ce ina son ka! Na ce kuma in ka kunyata Yaya gaban gari, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya ba ka ni. Ka san zuciyarshi."

"In na buɗe mashi hanya kuma, mushe shi maida ni ɗaukar ruwa."

"To zaɓi! Ko ni ko balo!"

Ta faɗa ne don ya yi gardama. So take ya daka mata tsawa, ya ce ba ta isa ba. Sai kawai ya durƙusa ya ɗora mata tulun a ka.

"Na ji," ya ce.

Har ta kai gida tana zaginsa a zuci, tana zagin kanta.

Ta tarar da Inna Mero a tsakar gida tana gasa masara.

"Kin gaya ma Jayen?"

"Na gaya mashi."

"Madalla. Ɗana bai taɓa faɗuwa gaban jama'a ba, ba Jaye ne za shi fara kada shi ba."

Jaye, Jaye, Jaye! Tala ta cije leɓe. Wace uwa ce ke kama sunan wanda zai auri 'yarta gatsal haka? Ai da Inna ta ɗauke shi suruki, da ko sunan ba za ta iya furtawa ba, balle ta haɗa ido da shi. Amma ita ko a kasuwa suka gamu sai ta ƙwala masa kira, "Kai Jaye, zo ɗaukar mani buhun ga!" Tana cin goro a gabansa, tana dariya da shi kamar ɗan maƙwabta. Wannan sakewar ita ce ke gaya wa Tala cewa a wajen Inna, maganar auren nan wasan yara ce.

Washegari aka yi ruwa da hantsi, ya ɗauke kafin la'asar. Filin yana bayan kasuwa, gero ya kewaye shi ya kai kafaɗar mutum, ga taɓo can gefe inda ruwa ya kwanta. Kowa ya fito. Yara na kaɗa 'yan tutoci, makaɗa na ta zuga Chindo tun kafin a busa usur. Inna Mero ta shimfiɗa tabarma cikin mata da masararta a hannu. Tala kuwa tana cikin 'yan matan da aka sa kawo wa 'yan wasa ruwa.

Aka fara. Ba a jima ba balo ta faɗo ƙafar Chindo, ya taho a guje ta gefen Jaye. Tala ta riƙe numfashi.

Jaye ya taho, ya taho... da ya zo dab da shi sai ya kau da ido, ya ja da baya, kamar wanda ya gamu da suruki a ƙofar zaure. Chindo ya wuce fuu, ya zuba ta tsakanin sanduna. Gari ya ɗauka da sowa.

Aka sake, ya sake kaucewa, Chindo ya zuba ta biyu. Wannan karon har da ɗan ranƙwafawa!

"Kai ɗan kiwo! Gaisuwa ka zo yi?" wani ya yi ihu.

"Ku ba shi sanda shi koma ruga!"

"Da ma sa'a ce!"

Dariya ta ɓarke ko'ina. Mushe ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Baƙon Maraɗi, da ke zaune kan kujera ƙarƙashin itacen bedi, ya juya yana hira da na kusa da shi, ko kallon gefen Jaye ya daina.

Tala ta kau da kai. Abin da ta roƙa ke nan, ga shi an ba ta, kuma ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba. Ita ta san ƙafafun nan. Ta sha ganin ya tare bijimi da gudu ya juyo da shi. Yau ga shi an maishe shi abin dariya, kuma da bakinta aka yi.

Da aka busa hutun rabin wasa, ta suri ƙwarya ta nufe shi. Yana zaune shi kaɗai nesa da 'yan uwansa, ba mai yi masa magana.

"Tashi!"

"Tala am, ai na yi yadda..."

"Kada ka ce mani Tala am! Wanga abu da kake yi, wasa ne ko bara?"

"Ke kika ce in zaɓa."

"To don na ce sai ka yi? In na ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa?"

"Sai in faɗa," ya ce, ba tare da ya yi murmushi ba.

Hawaye suka zubo mata, abin ya ƙara ba ta haushi.

"Wallahi Jaye, in ka sake kauce ma wani, ko Yaya ya ba ka ni, ni ce ba ni zuwa! Ba zan zauna da mijin da yara ke jifa da dariya ba. Ka shiga ka yi abin da ka iya. In an hana mu, a hana mu kana tsaye!"

"Inna fa?"

"Bar ni da Inna!"

Ya daɗe yana kallonta, karo na farko ido cikin ido. Ya karɓi ƙwaryar ya shanye, ya miƙe. Mushe na shirin sa wani a wurinsa, Jaye ya je ya yi masa wata 'yar magana. Mushe ya harare shi, ya yi tsaki, ya nuna masa fili.

Abin da ya biyo baya, har yau tsofaffin Cadawa in sun tuna sai sun gyara zama. Chindo ya taho da balo yana 'yar rawarsa, ya yi dama, Jaye na nan. Ya yi hagu, Jaye na nan. Kafin ya ankara an zare balo daga ƙafarsa. Ya koma tsakiya, Jaye ya bi shi. Ya canza gefe, ya tarar da shi can yana jira. Makaɗa suka fara rage hannu. 'Yan kolej suka farfaɗo, suka rama ɗaya, suka rama na biyu. Baƙon Maraɗi ya miƙe tsaye yana tambayar wane ne siririn nan.

Ana dab da tashi, aka jefo wa Chindo wata doguwa. Ya tsere wa kowa, saura shi da mai tsaron gida. Tala ba ta ma ga ta inda Jaye ya ɓullo ba. Sai dai ta ga ya zame a ƙasa ya share balo waje, Chindo kuma ya tashi sama ya faɗa cikin taɓon nan, rub da ciki!

Fili ya yi tsit. Sai wata yarinya ta ƙyalƙyale, shi ke nan, gari duka ya kwashe da dariya. Aka busa tashi.

Tala ta dafe kai. Shi ke nan, ta ce a ranta, na kashe aurena da hannuna.

Chindo ya miƙe, taɓo har gira. Bai bi ta kan kowa ba ya nufi Jaye, wanda tuni ya durƙusa yana jiransa. Tala ta yar da ƙwarya ta ruga.

"Yaya, don Allah..."

"Matsa!" Ya tsaya kan Jaye yana huci. "Kai! Wa ya ce ka buɗe mani hanya ɗazu? Gurgu ka ɗauke ni? Sadaka na roƙe ka?"

Jaye ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ni ce, Yaya," in ji Tala. "Ni na kai mashi saƙo."

"Saƙon wa?"

Idonta ya riga ya tafi wajen tabarmar mata. Chindo ya bi idon, ya gane. Ya taka har gaban uwarsa, su kuma suka bi bayansa.

"Haba Inna! Ni za a roƙar ma alfarma cikin fili? Duk garin ga sun ga an ba ni ci biyu kyauta! Wannan ita ce kunyar, ba taɓo ba!"

Ya juyo ya nuna Jaye da yatsa.

"Biyun nan da ka ba ni, ban yafe ba, kuma ba ni yafewa. Faɗuwar kuwa..." ya share fuska da bayan hannu, ya tofar da ƙasa. "Faɗuwar halal ce. Ba wanda ya taɓa yi mani ita." Ya dubi uwarsa. "Maganar auren, ni na yarda, na gama tawa, Inna. Saura ke."

Ya wuce yana ɗingishi, yana zagin taɓon.

Jaye ya matso, ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar.

"Inna, ina wuni. A yi mani aikin gafara."

Inna Mero ba ta amsa ba. Masarar da take ci ta yi maza ta tura ƙarƙashin zane. Ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya ɗungurungum.

"Tala," ta ce can ƙasa-ƙasa, "ce ma... ce ma wancan shi tashi, ƙasa da sanyi."

Ran Tala ya ɓaci iya ɓaci. Duk abin da ta haɗiye tun jiya ya taso mata.

"Wancan? Inna, wancan? Mutum ya durƙusa yana gaishe ki, ko kallonshi ba ki yi? Mi ya yi maki? Ni na sa shi! In duka ne ni za ki daka, amma wallahi ba..."

"Tala am."

"Bar ni in faɗi! Kullum kai sai shiru, kullum..."

"Tala am, don Allah yi shiru."

Ta juyo a fusace za ta haɗa da shi, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Jaye na kuka. Kansa a ƙasa, hawaye na ɗiga kan taɓon gwiwarsa, bakinsa kuma na murmushi.

"Ba ki ji ba?" ya ce da raɗa. "Yau Inna ba ta kama sunana ba."

Tala ta tsaya da baki buɗe. Ta dubi masarar da aka ɓoye, ta dubi mayafin, ta dubi bayan da aka juya. Matan da ke kan tabarmar tuni sun fara taɓa juna, sai ɗaya ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗa.

Kunya ta rufe Tala, ita da ba ta san kunya ba. Ta zube a bayan uwarta ta cusa fuska cikin mayafin tana kuka.

"Ja'ira mai bakin tsiya," in ji Inna Mero, ita ma muryarta na rawa. "Sake ni, kada ki yaye mani lulluɓi gaban surukina."