Minti Arba'in Ne Fa

Fasinja na ƙarshe ya sauko, wani tsoho da sanda. Auta ta ci gaba da kallon ƙofar ƙaramin jirgin, bokiti a hannunta.

Babu Dogo.

"Ke 'yar shara, miji kike jira ko aiki?" in ji shugabarsu.

Ta hau jirgin. Kujerar baya a wofi take, bel ɗinta a naɗe yadda masu shara suke barinsa. Ba wanda ya zauna a kai. Nan wayarta ta yi ƙara.

"Auta... rabin raina..."

"Baba ya hana kansa kasuwa tun safe, yana zaune yana jiran ka zo kan maganar aurenmu! Karo na uku ke nan, Dogo!"

"Wallahi har na zauna a ɗakin jira. Kin san kujerar ma'aikata, sai in nauyi bai cika ba. Matuƙi ya ce kaya sun yi yawa, a rage mutum ɗaya."

"Wa ya karɓi kayan?"

Kafin ya amsa ta ɗora:

"Mai tikitin nan ce ko? Mai kawo maka abinci a kula?"

"Aikinta ta yi, Auta... Ni ma da hannuna na loda su."

Ta dafa kujera. Tun da aka mayar da shi ɗaya filin jirgin yake lodin kaya a can, ita tana shara a nan, jirgi ɗaya ke yawo tsakaninsu safe da yamma. A sama minti arba'in ne. A mota kuwa sai an kwana a hanya, ga ramuka, ga karyayyiyar gada.

"Shekaranjiya na roƙe ka ka hau mota."

"Haba tawan! In kwana a hanya alhali ga jirgi a gabana?"

Da ta koma gida ta tarar Umma tana naɗe sabuwar shimfiɗar falo. Yaya na jingine da ƙofa.

"Ina angon sama? Ko gajimare ne ya tare shi?"

"Rufe mana baki," in ji Baba. Ya dubi Auta, ba faɗa a muryarsa. "Auta, zo nan. Ban ƙi yaron don talaucinsa ba. Amma ranar da kika kwanta ciwo a garin can, ko ni na faɗi a nan, shi ma sai in nauyi bai cika ba zai zo?"

"Baba, ka ƙara masa rana ɗaya... don Allah..."

Ya daɗe yana murza carbi.

"In ya hau mota yau, gobe zan zauna."

Ta ruga ɗaki, ta kira shi.

"Dogo! Baba ya yarda! Motar ƙarshe ba ta tashi ba, ka tafi tasha yanzu-yanzu!"

"Alhamdu lillahi! Kin gani ko? Kwantar da hankalinki, masoyiyata. Mai tikiti ta ce jirgin safe bai cika ba. Minti arba'in ne fa!"

Auta ta zauna bakin gado. Hawayen ma sun ƙi zuwa.

"Auta? Kina jina?"

"Ina jinka."

Ta kashe wayar, ta leƙa falo.

"Baba, gobe ka tafi kasuwarka."